Tsaya In Auna, In Ji Baba Tela

Ku mutanen Bolari da kuka san shi, ku faɗa mini tsakani da Allah: akwai wanda ya taɓa ganin wuyan kakana babu tef ɗin awo? Ni jikarsa ce, a gidansa na girma, ban taɓa gani ba. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ɗaurin aure. Lokacin da aka kwantar da shi a asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce a cire, ya ce sai dai a haɗa da wuyan. Tef ɗin ya tsufa har lambobin farko sun goge, daga inci huɗu yake farawa, amma in ka ce a saya masa sabo ranar ba za ka ci abinci da daɗi ba. Kuma ba a yanke komai a gabansa, yadi ne ko shawara, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya in auna."

Ragon layya ma sai ya auna shi a kasuwa tun daga wuya har wutsiya, mai ragon yana tambaya ko riga za a ɗinka masa. Ranar da maigidana ya zo gaishe shi karo na farko, bawan Allah yana durƙushe yana gumi, Baba ya zagaya ta bayansa ya ɗora masa tef a kafaɗa. Ya duba ya sake dubawa, sannan ya ce kafaɗar za ta ɗauki buhun masara, amma bai da tabbas ko za ta ɗauki Zainabu. Ni ce Zainabun. Shekara shida ke nan ana yi mini wannan gori a gidan miji.

Kun tuna Alhajin nan da ya zo daga GRA da shadda mai tsada, yana son matsattsen ɗinki irin na samari? Baba ya zagaya cikinsa da tef sau biyu, ya ninke shaddar ya miƙa masa abinsa.

"Alhaji, wannan ɗinkin na masu jin yunwa ne."

Alhaji ya ce zai ninka kuɗin aiki. Baba ya ce kuɗi ba ya rage tumbi. Mutumin ya fita a fusace ya kai wa wani tela, aka ɗinka masa yadda yake so. Ranar Sallah a filin Idi, ana yin ruku'u, sahu biyu suka ji ƙarar yagewar ɗinkin. Bayan sati ɗaya sai ga shi da wata shaddar, ya yi sallama a hankali. Wallahi Baba tef kawai ya zare daga wuya.

To yadda yake yi wa ɗinki haka yake yi wa kyauta, nan ne kuma muka sha wahala da shi. Ka kawo masa abu, zai yi godiya, ya sa albarka har ka ji kunya, sannan ya fara neman wanda abin ya dace da shi. Cewa yake kaya in bai sami mai shi ba maraya ne. Bappa Umaru, babban ɗansa, ya taɓa kawo masa takalmi daga Makka, sai ya ɗan yi masa yawa a dunduniya. Bayan la'asar Baba ya tsaya a ƙofar masallaci ya auna ƙafar duk wanda ya fito, liman ma bai tsira ba. Takalmin ya ƙare a ƙafar mai shayin bakin titi. Haka bargo ya tafi, haka agogo ya tafi, haka wata fanka ta tafi gidan wata mai jego da ba mu ma san sunanta ba.

Saboda haka ranar da Bappa Umaru ya zo da tablet sabo fil a kwali, duk gidan mun san ba a hannun Baba zai kwana biyu ba. Bappa ma ya sani. Ya durƙusa ya ce wannan na Baba ne, ya riƙa sauraron tafsiri yana ganin jikoki, kuma ya roƙe shi don girman Allah kada abin nan ya bar gidan nan. Baba ya ce ya ɗauki alkawari ba zai bar gidan ba. Iyakar abin da ya ce ke nan, Bappa ya tafi yana murna.

Kafin motar ta bar layin an auna shi tsaye da kwance. Baba ya gwada shi kuma, kada ku ce bai yi adalci ba. Yatsunsa sun yi kanta saboda allura, ya danna gilashin ya ƙi motsi, ya ƙara ƙarfi har na ce Baba ba ƙwai ake fasawa ba. Da aka kira shi ya kara a kunne, abin ya rufe masa rabin kai, Dada, kakata, ta yi dariya har ta ƙware. Washegari ya ɗinka masa riga da ragowar ƙyallaye kala bakwai, har da aljihun caja, don shi ba ya zubar da ƙyalle ko ya kai farce. Sannan ya tara mu ya ce allon nan, haka yake kiransa, ya yi masa yawa. Shi kunne gare shi, rediyonsa ya ishe shi. Za a yi gwaji kamar na riga, kowa ya riƙe kwana uku shi yana kallo, wanda ya zauna masa daidai shi ne mai shi.

Ni fa ban ɓoye ba, ina son abin nan kamar in mutu. Aurena yana Dawaki, amma kullum ina Bolari, don a bayan shagon Baba nake ajiye atamfofin da nake sayarwa ta waya. Wayata kuwa ta tsage daga sama har ƙasa, in na ɗauki hoton shuɗi sai ya fito ruwan toka, mata su karɓi kaya su dawo mini da shi da baƙar magana. Na riga na lissafa yadda zan jera hotuna manya-manya. Har na faɗa wa ƙawayena biyu cewa na yi tablet. Wa kuma ya fi ni cancanta a gidan nan?

Mu uku muka sa kanmu a layi: ni, da Dada, da Hamma Sadiƙu ɗan wan babana mai tuƙa keke-napep. Ba wanda ya ƙirga Goggo Asabe, har ni. Goggo ɗiyar Baba ce ta biyu. Sanƙarau ya tafi da jinta tana shekara biyar, maganar ma ta bi shi. Da mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ce girki ita ce shara. 'Yarta ɗaya ce, Rabi, kuma su biyun suna da maganar hannu tasu ta gida mai zurfi, wadda mu saura muka tsaya a kan zo, tafi, ci, ruwa, lafiya. Baba ne kaɗai ya ɗan yi nisa a ciki. Shekara biyu ke nan da aka kai Rabi aure Kano. Kowa a gidan yana hira da ita ta waya, Goggo tana zaune tana kallon bakinmu. In mun tuna mu yi kiran bidiyo mu nuna mata fuskar 'yarta, su ɗaga wa juna hannu, mu karɓe wayarmu saboda data. Muna ganin mun yi ƙoƙari.

Hamma Sadiƙu ne ya fara. Kwana uku kekensa yana fake a ƙofar gida yana tara ƙura, shi yana ƙarƙashin bishiyar darbejiya yana kallon ƙwallo, wasan da aka buga tun bara ma sai ya sake kallo yana ihu. A rana ta uku Baba ya kira shi sau uku bai amsa ba. Sai ya lallaɓa ya ɗora masa tef daga ƙeya zuwa kafaɗa.

"Wuyanka ya lanƙwashe da inci biyu. In na bar maka shi wata ɗaya, sai na sake maka duk rigunanka."

Hamma ya miƙa allon, ya je yana neman makullin keke.

Dada ko kwana ɗaya ba ta cika ba. Ta karɓa ta juya shi, ta yaba santsinsa, ta shiga ɗaki. Da azahar Baba ya leƙa ya tarar ta rufe ƙwaryar fura da shi saboda ƙuda. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce gaskiya ya zauna daidai bakin ƙwaryar, ba zai yi ƙarya ba, amma faifan naira nawa ne ba zai yi wannan aikin ba? Dada ta ce ya ɗauke kayansa dama nauyi gare shi.

Saura ni ke nan, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Duk da haka ban yi sake ba. Ranar farko na zo masa da masa da miyar taushe, ina kiransa angona, yana kirana uwargida mai wayo. Ya cinye tas, ya side hannu, ya ce cin hanci ba ya shiga awo amma gobe a ƙara yaji. Na zauna a gabansa ina ɗaukar hotuna, shuɗi ya fito shuɗi, kafin magariba na sayar da turmi uku. Ina yi ina satar kallonsa, yana taka kekensa na ɗinki yana gyaɗa kai.

A rana ta biyu Rabi ta kira, tana da ciki lokacin, tana son ta zaɓi atamfar fitar suna. Don in samu in baje mata zanen da hannu biyu sai na jingina tablet ɗin a kan teburin yanka. Ita ma can ta jingina wayarta da fulas ta matsa baya. Muna cikin haka Goggo ta shigo da abincin Baba. Ta ɗaga kai ta ga 'yarta, ba fuska kaɗai ba, tun daga kai har ciki, da hannuwa biyu a sake.

Ta dire kwanon a kan atamfata. A kan atamfata, jama'a, sabuwa dal, miyar kuɓewa tana bin gefen kwano! Na yi ta ƙwala ihu, na manta wa nake yi wa. Goggo ta ture ni gefe da gwiwar hannu ta tsaya a gaban gilashin, hannuwanta suka fara gudu. Ban taɓa sanin hannun mutum yana sauri haka ba. Rabi tana mayarwa, tana nuna cikinta, tana kumbura kumatu, Goggo tana buga cinya tana wata irin dariya mai ƙara da na shekara biyu ban ji ba.

Keken Baba ya tsaya. Ya tashi ya zare tef, ya auna daga gwiwar hannunta ta dama zuwa ta hagu tana cikin magana, tana kore shi kamar ƙuda. Ya auna daga ƙirjinta zuwa gilashin. Ya ɗauki tsagaggiyar wayata ya auna faɗinta, ya taɓe baki. Ya koma kan kekensa. Nan na sha jinin jikina, don na san tsohon nan.

Kwana ukun ma bai bari sun cika ba. Da safe ya ce in zauna, ya ce allon na Asabe ne. Na ce ban gane ba, ai lokacin gwajina ne, ita ko layi ba ta shiga ba. Na kawo masa hujjoji har da waɗanda ban shirya ba: sana'a nake, turmi uku a wuni ɗaya, na riga na faɗa wa mutane. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce duk abin da na yi da allon wayata ma tana yi, ko da tana ɗingishi, a canja mata gilashi a huta. Amma Asabe bakinta inci ashirin da shida ne daga gwiwa zuwa gwiwa, ta yaya zai shiga waya mai inci uku?

Na ce Goggo ko kunna shi ba ta iya ba.

"Ke ma da aka haife ki ba ki iya ɗaura zane ba."

Na ce amma ni nake son shi.

"Na sani, uwargida. So daban, dacewa daban. Ki faɗa mini, a shekara biyun nan, minti nawa kika bar mata wayarki a hannu?"

Haushi ya turnuƙe ni. Na kwashe atamfata mai miya na tare keke na koma Dawaki. Sati guda ban taka Bolari ba. Maigidana ya tambaye ni me ya faru, na ba shi labari ina jiran ya taya ni faɗa, sai ya ce ai tsohon ya taɓa auna shi shi ma, kuma har yau bai ga inda ya yi kuskure ba. Shi ma ya samu rabonsa na fushin.

Da na gaji na koma, na tarar Baba ya yi aiki. Ya sa kafinta ya yi wa allon mazauni da wani tsohon katako, an kafa shi a kan ƙaramin tebur a ɗakin Goggo. A ƙasa ya ja layi da allin ɗinki daidai inda kujerarta za ta tsaya, in an yi shara ya zo ya sake ja. Ya sa Hamma Sadiƙu ya bar hoton Rabi kaɗai a fuskar gilashin, babba, dannawa ɗaya. Abin da shi ya kasa da yatsunsa, a kwana biyu Goggo ta iya. Na tarar ana hira, ni da Dada da Hamma muka yi cirko-cirko a bakin ƙofa muna kallo. Sai ga Baba da sandarsa ya ce mu watse, mutane suna maganarsu. Hamma ya ce Baba ai ba ma jin komai.

"Shi ya sa na ce ku tafi da idanunku."

Bappa Umaru ya ji labari ya taso daga GRA ransa a ɓace. Ya ce ai an yi alkawari. Baba ya ce alkawarin shi ne kada ya bar gida, ga shi kuwa ko tsakar gida bai ƙetare ba. Ya ja shi har ƙofar ɗakin. Goggo ta waiwayo ta ga yayanta, ta yi wa Rabi wata alama da hannu biyu, suka fashe da dariya. Bappa ya tambayi Baba me ta ce. Baba ya ce ta ce ka yi tumbi. Bappa ya yi dariya, sannan ya tsaya yana kallon ƙanwarsa. Daga baya ya faɗa mini cewa shekara hamsin suna tare, bai san tana da barkwanci ba. Tun ranar shi yake sa mata data bai taɓa bari ta yanke ba.

Mu kuwa muka shiga uku. Ashe duk shekarun nan Goggo tana ganin komai, wurin kai rahoto ne ba ta da shi. Ka yi abu a Bolari da hantsi, kafin la'asar ya isa Kano. Rabi ta kira ni ta ce an ce jiya miyata ba gishiri. Ta kira Hamma ta ce wace ce mai jan mayafin nan da yake saukewa a bakin layi ba ya karɓar kuɗin mota? Dada ma an kai ƙararta kan goron da take ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Muka je wa Baba da kuka, ya ce ai gidan ma ya fi tsabta yanzu. Da Rabi ta haihu, ta gilashin nan Goggo ta koya mata gashin cibiya da yadda ake riƙe jariri a wanka, tana gwadawa da filo. Ni kuma na canja gilashin wayata kamar yadda aka ce, shuɗi ya koma fitowa shuɗi. Ban taɓa ce wa Baba ya yi gaskiya ba, girman kai ya hana ni, sai dai na ci gaba da kawo masa masarsa da yaji.

Bara da damina ya kwanta, kwana biyar kacal. A rana ta shida da hantsi Allah Ya karɓi abinSa, muna zagaye da shi. Ku sani, ita Goggo duk rayuwarta ita ce ta ƙarshen sanin mutuwa. Ko ta mijinta, sai da ta ga mata sun ɗora hannu a ka sannan ta fara bin fuskoki tana tambaya waye. Kafin zuwan allon nan ba ta taɓa kai wa kowa labari ba, mai daɗi ko marar daɗi, kullum ita ake yi wa nuni a gurguje in an tuna.

Ranar, da aka rufe shi da mayafi, Bappa Umaru ya ciro waya ya ce bari ya sanar da Rabi. Goggo ta ga sunan a gilashin, ta riƙe masa wuyan hannu, ta girgiza kai, ta nuna ƙirjinta. Ta share fuska da gefen zane, ta shiga ɗakinta, ta gyara kujera a kan layin alli, ta danna da kanta. Ina tsakar gida na hango hannuwanta sun ɗaga, a hankali wannan karon. Sun fi rabin awa a ciki ita da 'yarta. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta tsaya a gaban yayanta ta yi masa alamar da ko ni na gane: na faɗa mata.

A nan ne na yi kukan da ban yi ba a bakin gadonsa. Na so a ce yana nan in durƙusa in ce masa Baba, nata ne, tun farko nata ne, ni ce ban gani ba.

Allah Ka jiƙan Baba Tela, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa. Yadda ya duba wadda duk muka manta da ita, Ya Allah Ka dube shi da rahamarKa. Amin.